Wai Mace Ba Ta Gadon Gona?

  A fitowar da ta gabata na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar yaye, to amma ku yi mini afuwa, wani al'amari ya sha gabanta, kuma na ga idan na bar shi ya kwana biyu zai huce a raina, alhali bai kamata ya huce ba.

Wata ranar Asabar bayan mun tashi daga ajin matan aure da nake koyarwa a nan yankinmu na Tudun Kaya, kowa ta ɗauki jakarta ta kama hanya, sai wata ɗalibata ta tsaya tana ta gyara tabarmin da an riga an naɗe. Duk malamar da ta daɗe da mata ta san wannan alama. Na ce mata, "Zo ki zauna, me ke tafe da ke?" Ba zan faɗi sunanta ko unguwarsu ba, amma ta ba ni izinin in ba ku labarin ko wata za ta amfana.

Mahaifinsu ya rasu shekara tara ke nan. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gonar tudu da ta kai eka takwas, da 'yar fadama inda ake rake da tumatir. Bayan sadakar arba'in aka raba tufafinsa da awakinsa, aka sayar da kekensa aka kasa kuɗin, har su matan aka ba su. Da aka zo kan gona sai babban wansu ya ce gandu ne, ba a taɓa shi. Tun daga nan kowace kaka yana aika wa kowaccensu buhun masara guda, da sallah kuma turmin atamfa. Ba ta taɓa cewa uffan ba, har takanas take zuwa godiya. Bana sai mijinta ya kwanta ciwo, babban ɗanta ya samu gurbin karatu babu kuɗin rajista, ga shi kuma ta ji ƙishin-ƙishin ana cinikin fadamar da wani ɗan kasuwa. Ta yi ta maza ta je ta durƙusa gaban Yayan nata, ta ce ko za a duba rabonta. Ya ce mata, "Ke yanzu har kin yi girman da za ki zo ki raba mana gida? Tun kakanninmu mace ba ta gadon gona. Kuma ki tuna, ran da aurenki ya mutu nan za ki dawo."

Da ta kawo nan sai ta share hawaye da bakin hijabinta ta ce, "Malama, don Allah idan na nemi haƙƙina, na yanke zumunci?"

'Yar uwa, na san ba ita kaɗai ba ce. Na san a cikinku akwai wadda take karanta wannan shafi gabanta na faɗuwa domin labarin gidansu ne aka canza wa lissafi. Shi ya sa nake so mu zauna a kan maganar sosai.

Bari mu fara da wannan kalma ta "tun kakanninmu", domin ita ce sandar da ake korar mata da ita daga Karaye har Rogo, har ma gaba da nan. Abin da zai ba ki mamaki shi ne Yayan nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. An taɓa hana mata gadon gona a ƙasar Kano da umarnin fada, kuma hanin yana da shekarar farawa da ta ƙarewa. A shekarar 1923, zamanin Turawa, Sarkin Kano Usman ya ba da umarnin a daina ba mata gadon gidaje da gonaki. Dalilin da aka kafa shi ne wai idan mace ta mallaki gida ko gona sai ta raina aure ta koma zaman kanta. Ƙasar Karaye a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin Kano, saboda haka umarnin ya hau kan kakanninmu mata. Haka aka zauna har shekara 31, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya soke shi ya mayar wa mata rabonsu, yana mai kafa hujja da halin talauci da rashin madogara da tsofaffin mata suka shiga. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ni kaina ban san wannan tarihi ba sai da na je kwaleji na ci karo da binciken wani masanin tarihi mai suna Steven Pierce a kan gadon mata a ƙasar Kano, kuma ranar na daɗe zaune ina tuna wata gwaggon babanmu da ta ƙare rayuwarta a ɗakin soro tana sayar da ƙuli-ƙuli, alhali gonar ubanta na nan ana nomawa.

Ki lissafa da kanki. Yaron da aka haifa a shekarar da aka kafa hanin, kafin a janye shi ya yi aure ya tara iyali. Da abin da ya buɗe ido ya gani zai tarbiyyantar da 'ya'yansa, su ma su gaya wa nasu. An janye umarnin sama da shekara 70 da suka wuce, amma akwai zaurukan da har yau labarin janyewar bai isa ba, ko kuma ya isa an toshe kunne. Kuma ko kafin Turawa, wannan ɗabi'a ta babban wa ya mamaye dukiyar mamaci ya ce shi ne a madadin uba tana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta faɗa a kansu a rubuce-rubucensa, ya lissafa ta cikin bidi'o'i.

Game da tsoron da ɗalibata take yi na zunubi, labarin da na ba ta shi ne na iyalan Sa'adu bin Rabi'u (RA), wanda ya yi shahada a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya zo ya kwashe dukiyar kakaf, bisa al'adar Larabawa ta lokacin cewa wanda ba ya ɗaukar makami ba ya gado. Matar nan ta ɗauki 'ya'yanta ta tafi wurin Manzon Allah (SAW) ta kai ƙarar baffan yaran, ta bayyana cewa bai bar musu komai ba, ga shi kuwa ba za su auru ba sai da abin hannu. A kan wannan ƙara ayar gado ta cikin Suratun Nisa'i ta sauka, aka aika wa baffan cewa ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya rage shi ne nasa. Abu Dawuda da Tirmizi duk sun ruwaito ƙissar. Idan aka kasa dukiyar gida 24, 'yan matan sun tashi da 16, uwarsu da 3, shi da ya haɗiye duka ya koma da 5. Abin lura a nan, babu wanda ya ce wa matar nan ta yi rashin kunya, babu wanda ya ce ta koma ta yi haƙuri kada ta ɓata zumunci. An saurare ta, an yi hukunci.

Sai muka ɗauki alli muka yi lissafin gidansu a allon aji. Da yake iyayen mamacin sun riga shi rasuwa, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya idan akwai, matansa biyu suna da tumuni, wato eka ɗaya cikin takwas, su raba rabi da rabi. Saura bakwai. Kowane namiji eka biyu, kowace mace eka ɗaya. Haka kuma za a yi wa fadamar. Ta tsaya tana kallon allon kamar ba ta taɓa ganin lamba ɗaya ba. Na ce ta je ta tambayi duk manomin da ta sani buhu nawa eka guda take bayarwa idan ta samu taki, sannan ta auna da buhu ɗayan da take tafiya godiya a kansa. Ashe ma ba ita kaɗai aka danne ba: mahaifiyarta da abokiyar zamanta ba a taɓa fitar musu da tumunin takabarsu daga gonar ba.

Na san cikin masu karatu akwai wadda za ta ce, to Malama, shi kansa ba namiji biyu a ba mace ɗaya ai bambanci ne. Wannan tambaya ɗalibaina 'yan sakandare sun sha yi mini ita, kuma ba na jin haushinta. Amsata ita ce namijin an ɗora masa sadaki da ciyarwa da tufatarwa da muhalli, ita kuwa nata nata ne, ko mijinta ba shi da ikon taɓa shi sai da yardarta. Amma ni abin da ke gabana a ƙauyukanmu bai ma kai nan ba. Wanda ya ɗauki biyunsa ya haɗa da ɗayanki, wace aya ya bi?

Dokar ƙasa ma ba ta bar ki a baya ba. Da yawanmu da mun ji an ce haƙƙin ɗan Adam sai mu ja da baya, muna ganin wani abu ne da aka shigo da shi don kashe aure. Ban ce duk abin da ake faɗa da wannan suna na yarda da shi ba, amma kada ƙyamar suna ta sa ki bar abin da yake naki. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko asalin garinsa, ko addininsa, ko kasancewarsa namiji ko mace. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya, bai ware mata ba. Da sashe na 42 ɗin nan Kotun Ƙoli ta yi aiki a watan Afrilun 2014 a shari'ar wata 'yar ƙabilar Ibo mai suna Gladys Ada Ukeje, wadda aka so a hana gadon mahaifinta saboda ita mace ce. Kotun ta ce al'adar da ta hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki, ba ta da gurbi. Mahaifinta ya rasu tun 1981, wato baiwar Allah nan ta yi sama da shekara 30 tana bin abin da mu aka rubuta mana shi da ƙididdiga tun ƙarni 14 da suka wuce. Kuma kundin ya san da zaman shari'armu: sashe na 277 ya sa maganar gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Ke nan a kan maganar a hana ki gado ɗungurungum, littafin alƙali da na lauya bakinsu ɗaya.

To amma ba kullum ake fitowa fili a ce mace ba ta gado ba. Yanzu an waye, akwai dabaru. Wani zai ce ai Baba ya ba ni gonar kyauta tun yana da rai. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai kyautar yana da lafiyarsa. Idan har ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu gonar na hannunsa, ta koma cikin gado, kuma wanda ya ce an ba shi, shi zai kawo shaidu. Wani zai ce Baba ya bar wasiyya a bar wa maza gona. Magaji ba a yi masa wasiyya sai sauran magada sun amince, ko ga bare ma wasiyya ba ta wuce sulusi.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce dabarar yafiya. Za a tara ku ranar sadakar uku ko ta bakwai, idanunku a kumbure, ga baffanni ga kawunnai, sai wani dattijo ya ce, "To ku mata ai kun yafe wa 'yan uwanku ko?" Wace ce za ta ɗaga kai a wannan wuri ta ce a'a? Malamai sun yi bayani cewa abin da aka karɓa da ƙarfin kunya bai halatta ga wanda ya karɓa ba. Shawarata a nan ɗaya ce: kada ki yafe abin da ba ki san yawansa ba, kada kuma ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. A fitar miki da rabonki tukuna, a nuna miki iyakarsa gabas da yamma. Bayan nan idan kin ga dama ki ba ɗan'uwanki, kin yi kyauta kin samu lada.

Akwai kuma abin da shiru yake jawowa, wanda alƙalai ke kira hauzi. Idan bare ya riƙe fili yana aiki a cikinsa shekara 10, mai shi yana nan yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, ƙararsa tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi an tsawaita lokacin, ana kai shi shekara 40, kuma akwai uzurorin da alƙali yake dubawa. Amma ki duba abin da shekaru suke yi ko babu hauzi: dattawan da suka san iyakar gonar suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a sayar da wani yanki, wanda ya saya ya sayar wa wani, 'ya'yan yayanki su taso suna ganin gonar ubansu ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 noman rani ya ƙara wa ƙasar yankin nan daraja, jama'a kuma kullum ƙaruwa take yi. Filin da jiya aka raina, yau shi ake rantsuwa a kansa.

Yanzu ina ake bi? Ni ban taɓa ce wa mace ta fara da kotu ba, kuma ban ce wa ɗalibata haka ba. A fara daga gida. A samu wani babba da ake jin maganarsa, baffa ko kawu ko gwaggo, a haɗa da limami ko malamin da ya san ilmin rabon gado, ya rubuta lissafin a takarda kowa ya gani. Sau da yawa idan namiji ya ga lissafin daga hannun malamin da yake bin sallarsa, jikinsa yakan yi sanyi. Idan abin ya faskara sai a je wurin mai unguwa da dagaci, domin su ne suka san gonar wane ta yi iyaka da ta wane, daga nan hakimi, har zuwa fadar Karaye, wadda dokar jiha ta 2024 ta sa ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Akwai kuma Hisba, wadda aka kafa hukumarta da doka a 2003, tana da ofis a ƙananan hukumomi, kuma akwai mata a cikin ma'aikatanta waɗanda za ki iya buɗe wa ciki. Sai dai ki sani duk waɗannan sulhu suke yi. Idan an daidaita, ki roƙa a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu su sa, ki karɓi kwafinki ki adana inda kike adana takardar haihuwar 'ya'yanki. Sulhun baka yakan mutu tare da waɗanda suka yi shi.

Idan duk an bi nan ba a dace ba, kotun shari'a don wannan aka kafa ta, kuma shigarta ba abin kunya ba ne. Abu uku alƙali zai nema ki tabbatar: cewa mai dukiyar ya rasu, su wane ne magadansa kaf ba a ɓoye kowa ba, da kuma cewa gonar tasa ce har ya bar duniya. Na ukun nan shi ne inda ake kayar da mata, don haka tun kafin ki je ki san su wa za su tsaya miki: maƙwabtan gona, wanda ya taɓa yin ƙodago a cikinta, wanda ya san lokacin da aka saya ko aka gada. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Idan ba ki son tsayuwa gaban jama'a, ko mijinki bai saki jiki da fitarki ba, kina da damar naɗa wakili ya tsaya a madadinki, amma ki zaɓi mai tsoron Allah, kuma ki riƙa bin sawun abin da ake ciki. Idan kin ji ana shirin sayar da gonar, ki roƙi alƙali ya dakatar da duk wani ciniki a kanta har a gama shari'a. Duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit. Ran da aka yanke hukunci ki nemi kwafinsa, idan kuma ba ki gamsu ba kina da kwana 30 ki ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta gaba, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Kano. Kwana 30 ɗin nan ki riƙe shi da kyau. Mata da yawa sai sun gama kuka da shawara da dangi sannan su tarar lokaci ya wuce.

Mai cewa ba ni da kuɗin lauya, a kotun shari'a kina iya yin magana da bakinki ba sai da lauya ba. Idan kuma shari'ar ta yi nauyi, akwai hukumar gwamnatin tarayya ta ba da tallafin lauya kyauta, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976 saboda marasa ƙarfi, tana da ofis a Kano. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, su ma suna tsaya wa mata da yara. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar koke kyauta a ofishinta na Kano, musamman idan abin ya haɗa da duka ko barazana ko korar marayu daga gida. Idan kuwa wani mai riƙe da muƙami ne ya sa hannu aka danne ki, ko aka nemi ki ba da na goro kafin a saurare ki, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ita ce ƙofar. Duk inda za ki, ki sa a rubuta miki kokenki a takarda ɗaya: sunanki, abin da ya faru da lokacinsa, inda kika riga kika kai kuka, da abin da kike nema a yi miki. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi a ɗaya ki dawo da shi gida.

Ofishin 'yan sanda kuwa ba wurin rabon gado ba ne. Na faɗi haka ne saboda akan tsorata mata da cewa za a sa a kama mijinki ko ɗanki idan ba ki janye ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba ce, irin ta bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani.

Kada in yi rashin adalci, su ma mazan suna da abin faɗa, kuma ya kamata mu ji. Yayan ɗalibata shi ya yi shekara tara yana zuba taki a gonar nan, shi ke riƙe da tsofaffi biyu, shi ake tasa da dare idan ciwo ya tashi. Tsoronsa shi ne a yanka gona gunduwa-gunduwa har ta kasa ciyar da kowa, ko rabon ƙanwarsa ya faɗa hannun surukin da zai sayar ya ƙara aure da kuɗin. Wallahi wannan tsoro ba na banza ba ne, mun ga an yi. Shi ya sa nake ce wa mata, idan mijinki ne ke zuga ki ki karɓo don ya sayar, ki yi hattara, wanda ya raba ki da gonar ubanki bai fi wanda ya hana ki ita ba. Amma maganin wannan tsoro yana nan cikin shari'a. Ana iya fitar da rabonki a san naki ne, sannan ki bar shi a hannun ɗan'uwanki bisa haya ko bisa kason amfanin da kuka yarda, a rubuce. Gona ba ta tsage ba, shi bai ci haram ba, ke kuma 'ya'yanki sun san inda haƙƙinsu yake.

Ita kuwa maganar "nan za ki dawo", ita ce ta fi kowacce ɗaure mata, domin gaskiya ce: gidan wa shi ne mafakar mace ran da aure ya ƙi. Sai dai na tambayi ɗalibata, tsakanin wadda ta dawo hannu rabbana da wadda ta dawo tana da eka guda a bayan gari, wacce matar gida za ta fi yi wa shimfiɗa da sakin fuska? Ta yi murmushi, karo na farko tun da muka zauna.

Ga yadda ta kaya. Ba a je kotu ba. Ta samu wani baffansu da ya rage, ya ƙi da farko, sai da gwaggonsu ta sa baki sannan ya yarda aka kira liman. An yi zama uku a zauren dagaci, na biyun har an tashi baram-baram. A na ukun aka fita da igiya aka auna. An dakatar da cinikin fadamar, aka yi mata kuɗi, mazan suka sayi rabon matan za su biya kashi biyu, kuma da kashin farko yaron ya yi rajista. An fitar wa iyayensu mata da tumuninsu. Babbar yayarsu, bayan an nuna mata nata, ta ce ta bar wa ƙaramin ƙaninsu, kuma wannan karon da bakinta ta faɗa ba wanda ya tambaye ta. Ɗalibata ta bar ekarta a hannun Yayan nata bisa haya, takardar na cikin akwatinta. Har yanzu idan ta gaishe shi da ƙyar yake amsawa, matarsa kuma ba ta zo sunan da aka yi a gidanta ba. Ta ce mini duk Juma'a tana aika masa da ɗanwake kamar yadda ta saba, wani lokaci kwanon ya dawo wanke, wani lokaci ya dawo yadda ya tafi.

Mai tambaya a kan lissafin gadon gidansu ta rubuto ta hannun edita, ta faɗi duk waɗanda mamacin ya bari ba tare da ambaton sunaye ba, zan duba tare da malamaina in amsa a nan. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan maganar yaye.